Rami na Goma Sha Biyu

Ranar Alhamis da hantsi Sufeto ta dawo ofis daga hutun kwana uku. Ko jakarta ba ta ajiye ba ta ji nishi daga bayan kanta. Ta leƙa. Wani magidanci ne zaune a ƙasa, ya rungume hannunsa na dama. Hannun ya kumbura suntum, yatsu biyu sun karkace.

"Saje, wane ne wannan?"

"Ɓarawo ne, ranki ya daɗe. Mai walda ne a bakin kasuwa. Gobe za mu kai shi kotu."

"Me ya sata?"

"Wani zoben tagulla na mutanen da. Wai hatimi ne."

"Kun same shi a hannunsa?"

Saje ya sosa ƙeya. "Shi kansa zoben ba mu gan shi ba tukuna."

"Hannun fa? Wa ya karya?"

"Mutanen unguwa ne. Kafin mu isa sun ɗan taɓa shi."

Ɗan taɓawa. Zuciyar Sufeto ta tafasa. Shekara goma sha tara tana aikin nan, kuma babu abin da ta tsana kamar a yanke wa mutum hukunci a titi, sannan a turo mata takarda a ce ta sa hannu. Ta dubi Saje sama da ƙasa, har sai da ya gyara tsayuwa.

"Tun jiya mutum na zaune da karaya, kai kuma kana nan kana kaɗa ƙafa. Ka sa a kai shi asibiti yanzu, kafin in ajiye jakar nan. Sannan ka kawo mini fayil."

Fayil ɗin shafi ɗaya da rabi ne. Mutum uku ne ke fita duk Asabar da injin gano ƙarfe, suna binciken wata tsohuwar gona a bayan gari: mai gonar, wato wani tsoho da ake kira Baba Safiyo saboda aikin awon ƙasa da ya yi ritaya daga gare shi, da surukinsa mai sana'ar buga bulo, sai mai walda, wanda ke gyara musu injinan. Asabar ɗin da ta wuce suka tono fasasshiyar tukunya da tsofaffin sulalla bakwai, da zoben hatimi ɗaya. Baba ya sanar da gidan tarihi, aka ce masani zai zo ranar Juma'a ya duba. Ranar Talata da yamma zoben ya ɓace daga gidan Baba. Sulallan kuwa suna nan, ba a taɓa ko ɗaya ba.

"Mene ne hujjarku?" ta tambaya.

Saje ya buɗe ambulan cikin alfahari, ya zazzage wani ɗan guntun kakin kyandir mai ɗauke da zanen zoben. "A shagonsa muka samu. Alhali ya rantse bai taɓa zoben ba."

Sufeto ta juya kakin a tafin hannunta, ta sa shi a aljihu, ta ɗauki makullin mota.

Ɗakin Baba Safiyo ya fi kama da kanti. Teburi ne dogo, an jera farantai, kowanne da abin da ƙasa ta bayar: maɓallai, kan kibiya, kwabo mai huji, guntun linzami. Kowane abu da 'yar takardarsa. Gefe guda ga tsohon buroshin haƙori, da gilashin ƙara girma, da wani littafi mai baƙin bango da ya sha hannu.

Tsohon yana ta huci. "Shekara ashirin muna tare da yaron nan. A gidan nan yake cin abinci. Ashe maciji nake kiwo."

"Baba, ina ka ajiye zoben?"

"A akwatin can na ƙarfe. A kulle. Makullin ba ya barin aljihuna."

'Yarsa, wadda ta shigo da ruwan sha, ta ajiye kofi a hankali. "Baba, ka faɗi gaskiya mana. Makullin nan a ƙusar bayan ƙofa yake kwana, tun ina yarinya."

 Sufeto ta tura ƙofar da ƙafa. Ga makulli nan yana lilo.

"Wato duk wanda ya san gidan nan ya san makullin," ta ce. "Baba, ba na son ƙarya, ko daga mai furfura ce. Mutum na can da karyayyen hannu saboda maganarka."

Surukin ya taso daga kujera. Ƙato ne mai fara'a, da farar riga tas, ga ƙurar siminti a gefen takalminsa. "Ranki ya daɗe, a yi wa Baba uzuri, ɓacin rai ne. Ni na ga mai walda ya fito daga gidan nan ranar Talata. Ban so in faɗa ba, amma gaskiya ba ta da daɗi."

"Kai ne ka gaya wa mutanen unguwa?"

"Tambayata suka yi."

"Kai yaushe rabonka da gonar?"

"Tun Asabar ban taka ta ba. Aiki ya sha kaina. Wata mai zuwa za mu kafa tubalin masana'antar bulo a rabin filin, Baba ya ba ni."

Sufeto ta jawo littafin mai baƙin bango. "Wannan fa?"

Nan fuskar Baba ta ɗan saki, don an taɓo inda yake so. Ya bayyana mata yadda suke aiki. Da igiya da turaku yake raba gonar layi-layi, kamar yadda ya saba a aikin awo. Duk ramin da aka tona sai ya shiga littafi: layi na nawa, taku nawa daga turke, zurfi nawa, me aka samu, ko da murfin kwalba ne. Layin da aka gama sai a ɗaura jan ƙyalle a turkensa, ba mai sake komawa.

"Ramukan kuma mayar da su ake yi," ya ce. "Doka ce a wurina. Wancan maci amanar, raminsa kamar na gafiya, ƙasa ko'ina. Ni nawa zagaye nake yankawa. Amma surukina, kai, ba wanda ya kai shi tsabta. Gefe uku yake yanka ciyawa, ya buɗe ta kamar ƙofa, ya zuba ƙasar a kan tsumma. In ya rufe, sai ki rantse ba a taɓa wurin ba."

Surukin ya yi murmushi, ya sunkuyar da kai irin na mai jin kunyar yabo.

A asibiti an riga an ɗaure hannun mai walda da filasta. Yana ganin Sufeto ya yi yunƙurin tashi.

"Zauna. Ka shiga gidan Baba ranar Talata?"

"Ban shiga ba, ranki ya daɗe."

Ta fito da kakin ta dangwarar a kan gado. "To wannan aljani ne ya kai shagonka? Malam, gobe da safe alƙali ne zai yi maka wannan tambayar, kuma shi ba zai zauna a bakin gadonka ba. Ni kaɗai ce a garin nan ban yanke cewa kai ɓarawo ne ba, kada ka ƙure ni."

Idanun mutumin suka ciko. "Na shiga. Na kai wa Baba abin kunnen injinsa da na gyara, na tarar ya fita. Wallahi zoben ne ya tsaya mini a rai. Ni na ji ƙararsa a ƙasa, ni na tono shi. Na san ranar Juma'a za a tafi da shi, ba zan sake ganinsa ba. Sai na buɗe akwatin, na danna shi a kaki don in riƙa kallo. Na mayar, na kulle."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Da na ce na taɓa shi, ai da kashe ni za su yi."

Wannan kam gaskiya ce, kuma ita ta ƙara ƙona mata rai.

"Idan ba kai ba ne, wanda ya ɗauka zai iya jefa shi a rijiya, ko ya narkar?"

Mai walda ya girgiza kai da sauri, kamar ta yi saɓo. "In cikinmu ne, ba zai iya ba. Ranki ya daɗe, ba ki san ciwon nan namu ba. Mutum ya yi shekara goma yana tono murfin kwalba, rana ɗaya irin wannan ya fito? Ko uwar kuɗi aka ba shi, hannunsa ba zai sake shi a rijiya ba."

A bakin ƙofa likita ya tare ta, ya yi mata magana ƙasa-ƙasa. Ta saurara, ta cije leɓe, ta wuce gidan tarihi.

Masanin gidan tarihi, wanda kowa ke kira Dakta, siririn dattijo ne mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a wuya. Ta nuna masa hoton sulallan da ta ɗauka da waya a gidan Baba. Ya duba, ya taɓe baki.

"Azurfa ce, amma gama-gari. Dubi gefensu, inji ne ya buga su, kuma duk girmansu ɗaya. Ba su wuce shekara ɗari da 'yan kai ba. Muna da irinsu cike da aljihun teburi. Wani ne ya binne ajiyarsa ya mutu bai faɗa ba."

Sai ta ajiye masa kakin. Dakta ya canja tabarau. Ya jawo fitila. Ya daɗe bai ɗago ba.

"Wannan da hannu aka sassaƙa shi," ya ce a hankali. "Kin ga rubutun a kaki yana karantuwa daidai? To a jikin zoben a juye yake, don a danna shi a kan takarda ko yumɓu aka yi shi, ba don ado ba. Irin wannan na masu riƙe da kasuwa ne. Ya haura shekara ɗari huɗu. Sulalla yawo suke yi, ana tsintarsu ko'ina. Hatimi kuwa ba ya nisa da inda mai shi ya zauna."

"Da ka gan shi ranar Juma'a, me zai faru da gonar?"

"Killace ta za mu yi. Ba gini, ba noma, sai mun gama haƙa. Shekara biyu, ko uku." Ya cire tabarau ya dube ta. "Abin mamaki, ke ce ta biyu da kika yi mini wannan tambayar. Ranar Litinin wani ya bugo wayar ofis, bai faɗi ko wane ne ba. Ya ce, in an samu hatimi a fili, me zai faru? Na gaya masa. Sai ya ce, in kuma sulalla ne kawai fa? Na ce sai mu karɓa mu yi godiya, fili na mai shi ne."

Sufeto ta koma mota ta zauna, ba ta tayar ba. Yanzu ta san dalilin da ya sa aka ɗauki zobe aka bar azurfa, ta kuma san wanda shekara uku za ta yi wa tsawo. Amma sani ba hujja ba ne, kuma kotu gobe ne. Mutumin da ba zai iya jefar da zoben ba, ba zai kuma ajiye shi a gida ba, a ina zai sa shi? Inda ya tabbata ba wanda zai sake dubawa. Ta tuna jan ƙyallen Baba. Ta tayar da mota.

Da la'asar ta tara su duka a gonar: Baba da littafinsa da injinsa, surukin, Saje, da mai walda da hannunsa rataye a wuya. Baba ko kallonsa bai yi ba.

Layi huɗu ne masu jan ƙyalle. Ruwan sama ya sa ciyawa ta yi kore shar, amma duk inda aka taɓa tonawa ta ɗan yi ɗorawa-ɗorawa, don an yanke mata saiwa.

"Baba, karanto mini ramuka. Ni zan ƙirga a ƙasa."

Layi na ɗaya, tara a littafi, tara a ƙasa. Na biyu, shida da shida. Na uku ma daidai. Surukin ya duba agogo.

"Ranki ya daɗe, da izininki, ina da lebura suna jirana."

"Su jira."

Layi na huɗu. "Goma sha ɗaya," in ji Baba.

Sufeto ta bi igiyar a hankali, tana nunawa da sanda. Ta kai goma sha ɗaya tun kafin ƙarshen layi. Ta ci gaba. Taku uku kafin turke ta tsaya, ta tsuguna. Ciyawar wurin ba ta gama canja launi ba, bakin yankan ne kawai ya fara bushewa. Gefe uku. Ko ƙwayar ƙasa ɗaya babu a kewaye.

"Goma sha biyu," ta ce. "Baba, kawo injinka."

Tsohon ya sa abin kunne, ya shafa farantin injin a kan wurin. Injin ya yi wani gurnani mai kauri.

"Baƙin ƙarfe ne," surukin ya yi caraf. "Tarkace. Baba, ai ka san kukan nan. Da tagulla ce da ƙarar ta fito siririya. Irin wannan wucewa muke yi."

Baba ya gyaɗa kai, har ya ɗaga ƙafa zai wuce.

"Tsaya, Baba," in ji Sufeto. "Ka ce ko murfin kwalba kana rubutawa. Ranar da kuka gama layin nan, ka rubuta baƙin ƙarfe a nan?"

Ya buɗe littafin, ya bi da yatsa, ya sake bi. "Babu. Wurin nan shiru yake."

"To ƙarfe ba ya tsirowa kamar ciyawa. Saje, buɗe."

Saje ya sa wuƙa, ciyawar ta ɗago gaba ɗaya kamar murfin akwati. Ƙasar ciki a sake take. Da tafin hannu ya kwashe ta. Sai ga ƙusoshi, sun kai goma, an jera su a kwance. Sufeto ta ɗauki ɗaya ta murza, busasshen siminti ya zubo a yatsunta.

Mai walda ne ya yi magana. "Rufe abin da ke ƙasa aka yi da su. In aka ɗora baƙin ƙarfe a kan tagulla, inji ƙarfen kawai yake ji. Sai ɗan hannu ya san wannan."

Ƙarƙashin ƙusoshin akwai 'yar leda, an naɗe ta sau biyu don kada ruwa ya shiga. Cikinta auduga ce fara, cikin audugar zobe, kore-kore da tsufa, ko ƙwarzane babu.

Baba bai dubi zoben ba. Ramin yake kallo, da yankan nan mai gefe uku da ya sha yabawa a gaban mutane. Ya juya ga surukin a hankali.

"Kai?"

"Baba, kowa zai iya kwaikwayon yankana."

"Wa? Ni da bayana ba ya lanƙwasuwa? Ko wannan da bai taɓa rufe rami daidai ba a rayuwarsa?"

"Wayarka," Sufeto ta miƙa hannu. "Zan duba wanda ka kira ranar Litinin. In ka goge, kamfani bai goge ba. Ka zaɓa, ka faɗa a nan ko ka faɗa gobe a gaban alƙali."

Fara'ar ta zube daga fuskar mutumin. Ya zauna daɓas a kan ciyawa da farar rigarsa.

"Shekara uku, Baba. Na sayi injinan bulo, na yi wa mutane alkawarin aiki. A kan zobe ɗaya za a rufe mini fili? Cewa na yi in ɓoye shi, in an gama gini in tono shi a wani wuri, a kai gidan tarihin, ba wanda ya yi asara. Na je bakin kogi da shi ranar Talata. Na ɗaga hannu sau biyu. Na kasa."

"Ka kasa jefar da zobe," Sufeto ta ce. Ba ta ɗaga murya ba, amma Saje sai da ya ja da baya. "Ka naɗe shi a auduga, ka sa masa leda biyu kada ya ji sanyi. Mutum kuwa, abokinka, ka nuna wa 'yan unguwa shi da yatsa, ka tsaya kana kallo."

"Ban zaci abin zai kai haka ba. Na ɗauka za a tsare shi kwana biyu a sake shi."

"Likita ya gaya mini yatsu biyun nan ba za su sake lanƙwasuwa ba. Da su yake riƙe abin walda. Da su yake ciyar da 'ya'ya biyar."

Mai walda bai sani ba sai yanzu. Ya dubi filastar, ya daɗe yana kallonta. Sufeto ta ji haushin kanta da ta bari fushi ya sa ta faɗa a haka, amma magana ta riga ta fita.

Baba Safiyo ya saki injinsa ya faɗi ƙasa. Ya tako wurin mai walda. Da ƙyar ya ce, "Ɗana, ni na fara kiranka ɓarawo. A ƙofar gidana."

"Na ji, Baba," in ji mai walda. "Ina ƙasa lokacin, amma na ji muryarka."

Bai karɓi hannun da tsohon ya miƙo ba.

Sufeto ta juya ga Saje. "Sa masa ankwa. Sata, da ƙazafi, da tunzura jama'a. Waɗanda suka ɗan taɓa shin nan kuma, ina son sunayensu a teburina kafin a tashi aiki. Takardar kotun da ka rubuta jiya, ka yaga ta da hannunka."

Ankwa ta yi ƙara. Saje ya tasa surukin a gaba. Da suka zo daidai ramin, mutumin ya ɗan tsaya. Ƙafarsa ta miƙa da kanta, don sabo, ta fara tura murfin ciyawar zai rufe.

Sufeto ta taka ciyawar da takalminta.

"Bar shi a buɗe," ta ce. "Wannan kowa sai ya zo ya gani. Wuce mu tafi."